Gonar Ƙuduji ta Injiniya Tamba

A unguwarmu ta nan Argungu, in ka ji wani yana koya wa masunci yadda ake riƙe homa, ko yana gyara wa mahauci yankan nama, kada ma ka waiwaya, Tamba ne. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa shekara ashirin da ɗaya, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba. Tamba ya yi tuƙi a wani ofishin aikin gona a Birnin Kebbi har ya yi ritaya. Aikinsa shi ne ya kai malaman gona ƙauye, ya kwanta a inuwar mota har su gama, ya dawo da su. Amma ranar da ya ajiye makulli sai ya zama Injiniya Tamba, kuma shi ya naɗa kansa. Yakan ce duk ilimin malaman nan a bayan kujerarsa suka yi ta zubar da shi, shi kuwa kunnensa ba ya yoyo.

Wata Litinin gab da kaka ya tafi Birnin Kebbi, ya biya ta rumfar Kunle a kasuwa. Kunle Bayarabe ne mai sayar da saiwoyi da sassaƙe, ya shekara talatin a garin, Hausarsa ta fi ta wasunmu daɗi. A bakin rumfar Tamba ya ga wani ƙunshin busasshen haki a rataye, ya yi baƙi ƙirin.

"Oga Kunle, mi nika gani haka? Ba ƙuduji ba na?"

"Shi na, Injiniya."

"To mi ya kawo maƙiyin talaka cikin kayan sayarwa?"

"Magani na. Ana dahwa shi a wanke ƙyasbi da makero. Hillani na saye in cikin saniya ya kumbura. Wasu turara shi su kai don sauro. Har Ibadan nika aikawa da shi."

"Har Ibadan?"

"Har Ibadan."

Ga wanda bai taɓa noman tudu ba, ƙuduji ɗan tsiro ne siriri da bai wuce gwiwa ba, mai fure ruwan hoda, kyakkyawa kamar bai san laifi ba. Ba ya neman abincin kansa. Tun yana cikin ƙasa yake laluben saiwar gero ko ta dawa, ya liƙe mata ya yi ta tsotsa, kafin ya leƙo sama ya riga ya gama ɓarnarsa. Sai ka ga gero ya tsugune, ganye ya ƙone kamar an bi shi da wuta, shi ya sa wasu ke ce masa wuta-wuta. Manomi in ya hango furen nan a gonarsa salati yake yi.

Tamba bai tambayi Kunle buhu nawa yake aikawa ba, balle sau nawa a shekara. Kalmar Ibadan kaɗai ya ɗauko ya hau mota da ita. Kafin su wuce Ambursa ya cika tirela biyu a zuci, kafin su shigo Argungu har ya ɗauki ma'aikata ya kori biyu saboda lalaci.

Ya tarar da matarsa Ummu Hani tana cura fura. Furarta ce ke riƙe da gidan, kowa ya sani har Tamba, ko da yake bai taɓa faɗa ba. Geron da take yi da shi kuwa daga gonarta yake fitowa, wadda ta gada daga mahaifinta marigayi Malam Nu'uman, can wajen Gulma. Lokacin da tsohon ya sami gonar ƙuduji ya kore mai ita, shi ya zauna ya yi ta fama har ta zama gona ɗaya tilo a wannan tudun da ba a ganin fure ko ɗaya a cikinta. Ummu Hani tana son gonar nan kamar yadda take son ubanta, kuma ba ta ɓoye hakan.

"Ummu, aje hurag ga ki saurara. Yau Allah ya buɗe min ido. Mutanen ƙasag ga arziki suka tugewa suna sa mai wuta."

"Wane arziki, Baban Nazifa?"

"Ƙuduji. Noma shi za ni yi. Ni na hwarko duk Jihak Kebbi."

Ta ci gaba da curinta. "Awo. Na hwarko kuma na ƙarshe."

"Ba'a kika yi, amma ran da motam Ibadan tat tsaya ƙohwar gidan ga, ke za ki riga kowa guɗa."

Sai ta ajiye curin, ta goge hannu, ta dube shi. "Ka noma ƙuduji, ka noma kunama in kana so. Amma abin ga kak ya shigo min gida, kuma ko inuwatai kat ta gitta gonab Baba. Ka ji na hwaɗi."

"Wa ka maganag gonakki? Mu da za mu yi na zamani."

Noma sai da iri, iri kuwa yana gonakin mutane. Tamba ya sayi goro ya hau babur sai Gulma, wurin Malam Usmanu, wani dattijon manomi aminin marigayi surukinsa. Ya same shi a gindin bishiya tare da maƙwabcinsa na gona, Rabi'u, mutumin da ba a taɓa ganin bakinsa a rufe ba. Tamba ya ƙudurta ba zai tona asirin Ibadan ba, kada ƙauyawa su farga su tsuga masa tsada.

"Malam, wani ɗan bincike nika yi. So nike ka yarje min in tsinci hakin ga na gonakka."

"Wane haki?"

"Ƙuduji."

Malam Usmanu ya dubi Rabi'u, Rabi'u ya dubi sama. Gonar nan ƙuduji ya yi mata lulluɓi, tsohon ya yi sati yana tunanin inda zai samo masu taya shi tugewa. Ya ɓare goro a hankali ya girgiza kai.

"Kai, Injiniya, ka zo da magana mai nauyi. Wanga ƙuduji tun na kakana na. Mun saba da juna."

"Ba duka za ni ɗauka ba, Malam."

"A'a hwa, nan ad da matsala. Ba a raba ɗa da uwa. In za ka ɗauka ka ɗauke duka, tun daga wancan gezan har bakin hanya. Ka bar min ko guda, mun ɓata."

Tamba ya yi kamar yana nazari, alhali murna ta cika shi. Kafin ya amsa Rabi'u ya yi tsalle ya shiga.

"Injiniya, kak ka bari tsoho shi cuce ka. Nashi ramamme na, bai da ƙarhi. In asalin ƙudujin Gulma kaka biɗa, mai jini a jika, zo ka ga nau."

"To ai sai in haɗa duka biyu."

"Kai dai ɗan kasuwa na! Shi ke nan, ka hi ƙarhinmu."

Kafin la'asar labari ya zaga garin cewa Allah ya jefo wani bawansa daga Argungu da ke tuge ƙuduji kyauta har ya ba da goro. Washegari manoma layi suka yi. Kowa na rantsuwa nasa ya fi kyau, wani ma ya ce nasa har ƙamshi yake yi. Sati uku Tamba yana duƙe cikin rana, ya share gona goma sha ɗaya tas, masu gonakin suna zaune a inuwa suna nuna masa inda ya tsallake. Yakan dawo da yamma bayansa a tanƙware, ya leƙo ta katanga ya ce mini, "Maƙwabci, yau ma na yi wa mutanen ƙauye wayo." Ni kuwa in ce masa Allah ya ƙara basira, don na gaji da yi masa gardama tun kafin a haifi autana.

Buhunan ya ɓoye su a shagon wani mai faci, saboda dokar Ummu Hani. Ana nan sai 'yarsu Nazifa ta haihu a Ambursa, Ummu Hani ta haɗa kaya ta tafi yi mata jego, kwana arba'in. Motarta ba ta fita gari ba Tamba ya kwaso buhunan ya zazzage a tsakar gida. Ya shanya, ya bubbuge da sanda, ya ɗauko faifanta da rariyarta ya hau tankaɗe. Abin da ya tsaya a rariya 'yan ɓawo ne masu kama da riɗi. Abin da ya zube ƙasa kuwa wata jar ƙura ce mai laushi, ta fi garin taba. Yini guda ina jin atishawarsa ta kan katanga.

Atishawar ce ta jawo Inna Riskuwa, tsohuwar unguwarmu mai maganin gargajiya, wadda babu hakin da ba ta san sunansa da na uwarsa ba. Ta yi sallama ta leƙo.

"Tamba, mi kaka tankaɗe haka kamar mai shirin biki?"

"Iri nika gyarawa, Inna."

"Wanne na irin?"

Ya miƙa mata rariyar cike da ɓawo. Ta duba, ta dubi ƙurar da ke ƙasa, ta buɗe baki. "Ɗana, ai shi ƙuduji..."

"Inna, da girmanki. Naku na gargajiya na, a jiƙa a sha. Wanga kimiyya ta. Shekara ashirin da bakwai ina tare da masana."

Ta rufe bakinta, ta gyara mayafi. "Allah shi ba da sa'a," in ji ta, ta yi gaba.

Abin da tsohuwar ta so faɗa masa, duk wanda ya girma da fartanya ya san shi. Irin ƙuduji shi ne ƙurar nan. Tsiro ɗaya yana zubar da dubbai a kan dubbai, su kwanta a ƙasa shekara da shekaru ba su ruɓe ba, kuma ba za su farka ba sai sun ji saiwar gero ko dawa a kusa. Wato Injiniya ya yi sati uku a rana da kwana biyu na atishawa, ya ɗure ƙaiƙayi a buhu ya ɗinke bakinsa, irin kuwa yana takawa da ƙafa. Da ya gama, don kada Ummu Hani ta dawo ta ga alama, sai ya share tsakar gidan nan sau uku, abin da bai taɓa yi ba tun da aka ɗaura musu aure. Sharar duka ya kwashe ya zuba a jujin bayan gida, inda ake tara kashin awaki da toka.

Da bazara ta kama, lokacin kai taki gona, Tamba ya ga ya kamata ya ɗan sayi fuska wurin matarsa, don tun da ta dawo take shinshina rariyarta tana kallonsa. Ya ɗauko amalanke da kansa, ya kwashe jujin nan kaf, ya kai gonarta ya baza shi lungu-lungu, har da bin kunya-kunya don kada wani wuri ya yi rashi. Ummu Hani ta ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Ta zo har gidana tana gaya wa matata cewa ashe Baban Nazifa yana da tausayi, shekaru ne kawai suka yi masa nauyin fitowa. Ranar furarsa har da zuma.

Ruwa ya sauka, aka yi shuka. Ummu Hani ta je da kanta ta tsaya aka shuka mata gero, ta koma aka yi noman farko a gabanta, gona ta yi kore shar. Shi kuma Tamba yana da wani ɗan fegi a bakin hanyar Gulma, nan ya nufa da buhunsa. Ya kankare wurin ƙal, ko ɗan hakin sakace bai bari ba, wai kada wani abu ya yi gasa da amfaninsa. Ya ja igiya kamar yadda ya ga malaman gona suna yi, ya shuka ƙaiƙayinsa layi-layi, ya zuba takin zamani, ya kafa allo a bakin hanya da manyan baƙaƙe: GONAR ƘUDUJI TA ZAMANI, INJINIYA TAMBA. Ya ma kafa mutum-mutumi don tsuntsaye, tsuntsayen kuwa ko kallon wurin ba su yi ba.

Sati biyu shiru. Sati huɗu shiru. Allon nan ya zama wurin shan iskar mutanen Gulma, duk mai wucewa sai ya taka birki. Rabi'u kam kullum sai ya tsaya, ga shi zuwa lokacin Tamba ya riga ya tona asirin Ibadan da bakinsa wajen cika baki.

"Injiniya, ƙaƙa amhwani?"

"Shina ƙasa shina shiri."

"Ko dai ta can ƙasa yab bi yat tahi Ibadan da kainai?"

"Jahilci dai bai yi ba. Na zamani sai ya kahwa gindi kahin shi hito."

"To ka ɗan watsa mai gero mana shi samu na kamawa. Ɓarawo ba ya kwana gidan da babu kaya."

"Ni in ci da shi da gero? Ai abin da yal lalata shi ke nan, kun saba mai da zaman banza. Nau koya mai nika yi shi tsaya da ƙahwahunai."

Rabi'u ya yi dariya har babur ɗinsa ya faɗi. Amma ni da ke raba katanga da Tamba na san abin ya fara cinsa. Ya riga ya je Birnin Kebbi ya gaya wa Kunle ya zo da mota ranar Asabar ta ƙarshen wata, ya gayyaci manoman Gulma su zo su koyi yadda ake yi, ya yi odar lasifika da tabarmi. Saura kwana shida, gonarsa kuwa tana nan kamar tafin hannu.

A tsakanin nan gwiwar Ummu Hani ta kumbura da sanyin damina, ta yi wata guda ba ta leƙa gonarta ba. Tamba ne ke ce mata kullum ya biya ya duba, gero sai dariya yake yi, alhali ƙafarsa ba ta taka wurin ba. Gonar a ƙarshen turba take, bayan wata tsamiya, gamba ta kewaye ta, ba mai ganin cikinta sai wanda ya nufe ta. Ranar Litinin dai kunya ta kama shi ya ce bari ya leƙa. Yana zagaya tsamiyar ya tsaya cik. Tun daga ƙafarsa har ƙarshen gona fure ne ruwan hoda, layi-layi, daidai inda ya baza taki, iska tana kaɗa shi. Geron kuwa da ya kamata ya shanye tsawon mutum yana nan iya ƙugu, ya yi ja.

Mai hankali kuka zai yi. Tamba hula ya cire ya jefa sama.

Bai tsaya tambayar kansa yadda aka yi ba. Ya yanke cewa iska ce ta ɗauko irinsa daga fegin ta kawo nan, wanda ya nuna irin mai ƙarfi ne. Dokar Ummu Hani ta faɗo masa a rai, sai ya lallashi kansa da cewa in motar Ibadan ta loda, geron da zai saya mata sai ta rasa rumbun zubawa, ita da kanta za ta gode. Har ya ce wa kansa gonar mata ai ta miji ce, maganar da ko a gaban ɗan makarantar allo ba za ta tsaya ba. Ya koma ya tuge allonsa, ya ɗaura a bayan babur, ya zo ya kafa a gindin tsamiyar Malam Nu'uman. A gida kuwa ya ce mata taron na maza ne, kuma gwiwarta ba ta son jijjigar hanya.

Asabar da hantsi na bi 'yan kallo, don irin wannan ba a ba ka labari. Mutum ya kai arba'in. Tamba ya sha babbar riga da tabarau, yana riƙe da lasifika. Tun da muka zagayo tsamiyar na ga dariyar da mutanen Gulma suka zo da ita ta maƙale. Malam Usmanu ya dafa sandarsa ya dubi gonar tsawon lokaci.

"Tamba, wagga ba gonam marigayi Nu'uman ba ta?"

"Reshe na, Malam. Kamhwani ya yi reshe."

"Mai gonar ta san da reshen?"

"Za a sanar da ita a hukumance." Ya ɗaga lasifika. "Jama'a, kun yi min dariya, na yahe muku. Yau ga zahiri. Abin da kuka ƙonawa, ni na mai da shi..."

Ƙarar mota ta katse shi. Wata ƙaramar a-kori-kura ta taho tana tangaɗi a turba, Kunle a sitiyari. Tamba ya ɗaga hannu yana ihu, "Ga Ibadan nan ta iso!" Sai aka buɗe ƙofa, Bimbo matar Kunle ta fito, ta juya tana taimakon wata ta sauko. Ashe sun biya ta Argungu gaishe da mai ciwon gwiwa, Bimbo ta ce ina aka taɓa yin ranar miji babu matarsa, ga mota ga wuri. Ummu Hani ce ta sauko, cikin atamfar sallarta, da ƙwaryar fura ta baƙi a hannu. A bayan motar kuma Inna Riskuwa ce zaune, ta ce ita ma a kawo ta ta ga kimiyya.

Ummu Hani ta dubi tsamiyar, ta dubi allon, ta dubi gonar. Ta miƙa wa Bimbo ƙwaryar. Ta taka a hankali tana jan ƙafa har cikin kunya ta uku, ta kama kan wani gero da bai fi yatsa ba, ta riƙe shi. Ba ta yi ihu ba, ba ta yi zagi ba. Na san matar nan shekara ashirin da ɗaya, ban taɓa ganin idonta ya kawo ruwa ba sai ranar, kuma wallahi raina ya ɓaci.

Tamba ya manta lasifikar tana bakinsa, don haka har masu noma a tsallaken hanya sun ji shi. "Ummu, iska ta! Iska ta ɗauko irin daga hegina!"

"Iskag ga ta iya layi," in ji Rabi'u.

Inna Riskuwa ta sauko, ta tsinki wani ɗan ɓawo da ya fara bushewa, ta murza shi a tafin hannunta, ta kai har ƙarƙashin tabaran Tamba. Wata 'yar jar ƙura ce a kwance.

"Ka gane ta?"

"Datti na."

"Iri na. Wanda kash shuka ƙaiƙayi na, ko shekara ɗari yay yi ba shi hitowa. Ran da nis same ka kana atishawa, ƙurag ga ina kak kai ta?"

"Na share ta, Inna."

"Ka zuba ina?"

"Juji."

"Jujin hwa?"

Tamba ya buɗe baki, sai ya dubi layukan furen nan da suka bi sawun amalankensa ɗaya bayan ɗaya. Lasifikar ta sauko daga bakinsa a hankali. Ummu Hani ta juyo ta dube shi, na kuma san zumar nan take tunawa.

Ruwa ya ƙare wa ɗan kada, amma Tamba bai saduda ba. Ya ruga ya kama hannun Kunle. "Oga Kunle, hwaɗa musu! Hwaɗa mata mota nawa kaka so! Mu hwara lodi yanzu!"

Kunle ya sosa ƙeya, don shi mutum ne mai kunya. "Injiniya, ai buhu guda ka kai ni shekara, har shi yi saura. Shi ma Inna ka tsinto min bakin hanya."

"To motag ga hwa?"

"Shinkahwa niz zo ɗauka Gulma. Nic ce bari in biyo in ga taronka."

Wani daga baya ya fashe da dariya, ta kama kowa, har mai lasifika da ya zo karɓar kayansa. Tamba ya ja da baya zai yi wani bayani, ƙafarsa ta harɗe da babbar riga, ya dafa allon, allon ya bi shi suka zube tare cikin fure. Ba wanda ya yi saurin ɗaga shi.

Malam Usmanu ne ya buga sanda aka yi tsit. Ya ce geron bana kam sai haƙuri, amma furen nan dole a tuge shi kafin ya zubar da nasa irin, a kai nesa a ƙone. Tamba ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ga ƙofar da zai bi ya fita kunya.

"Wanga mai sauƙi na. Tugewa ai ni ag gwaninta, ku shaidu na. Kwana ukku in gama, baɗi gona ta koma yadda take."

"Baɗi?" in ji tsohon. "Wanda yah hito bana ko zakkar abin da kaz zuba bai kai ba. Sauran na nan kwance shina jiran baɗi, da baɗin baɗaɗa. Tugewa za ka yi duk damina, ka huta da gero ka sa wake da gyaɗa, ka koma ka tuge. Ni nit taya surukinka, na san lissahin."

"Shi shekara nawa yay yi?"

"Sha takwas."

Tamba ya cire tabarau yana gogewa, tsohon ya dube shi.

"Kai shekarunka nawa yanzu?"

"Sittin ba biyu."

Malam Usmanu ya yi lissafi da yatsu. Sannan ya jingine sandarsa, ya ɗaga hannuwa sama. "To jama'a, ku taya mu da addu'a. Allah shi ba Injiniya yawan rai. Allah shi ƙara mai lahiyar baya."

Ummu Hani tun da ta sauko daga mota ba ta ce uffan ba. Tana tsaye a tsakiyar gonar ubanta da ɗan kan geron nan a hannu, ta ɗaga murya ta riga kowa.

"Amin," in ji ta. "Amin, ya Rabbi."